Abin da Na Ba Shi Ya Ci

Mako shida ke nan rana ba ta leƙo Tromso ba.
Ƙarfe bakwai nake shigowa, duhu a baya, duhu a gaba,
in kakkaɓe ƙanƙarar takalmi a bakin ƙofa,
in zura farar riga da safar hannu,
in gai da ɓeraye arba'in da takwas
waɗanda ba su taɓa amsa mini ba.

Baƙaƙe a kejin hagu, masu ruwan ƙasa a dama.
Ba ɓerayen juji ba ne,
kowane dangi da littafin asalinsa,
kaka da kakanni a rubuce. Sun fi ni sanin tushe.

Abinci ɗaya. Ni na auna da hannuna:
garin nan mai warin dafaffen kabeji,
metiyonin, guda cikin amino asid ashirin
da jiki ke harhaɗawa ya gina tsoka.
Na ƙara musu shi fiye da kima,
awo daidai da awo,
ruwa ɗaya, fitila ɗaya, ɗumi ɗaya.

Ranar Talata muka buɗe su.
Ba na son ranar, ban dai taɓa gaya wa kowa ba.
Hantar masu ruwan ƙasa ja wur, sumul,
kamar ba ta ji labarin komai ba.
Ta baƙaƙen ta koɗe, ta kumbura,
ɗigo-ɗigon kitse na maiƙo a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Dokta Eilertsen ya tura tabarau goshi,
ya ce, “Gunvor, kin gani? Gado ne.
Wani saƙo cikin ƙwayar halitta ya farka a nan,
a can kuma ya yi kwanciyarsa.”
Ya fita neman kofi yana fito.
Ni kuwa tawa hantar ce ta kaɗa.

Don na san wasu biyu da suka ci a kwano ɗaya.
Babana Halvard da ƙanensa Torleif,
ciki ɗaya, jirgin su ɗaya,
shekara talatin da ɗaya a tekun Senja,
busasshen kifi da dankali, kofi baƙi ƙirin,
kwalba ɗaya daren Asabar in an sayar da kamu.
Hanta da jini, ba a ganin ɗaya babu ɗaya.

Yana da hamsin da huɗu idon babana ya yi rawaya.
Ciki ya tashi, ƙafa ta ƙi takalmi.
Kafin kifin hunturu ya dawo gaɓa
mun sa shi a gangaren coci,
ƙasar da ta daskare har ta karya shebur biyu.
Torleif yana nan, tamanin da bakwai,
yana faskare, yana zagin gwamnati,
yana cin abin da ya ga dama.

Shekaru na riƙe babana a zuci.
Na ce shi ya so, shi ya ƙi ji,
shi ya zaɓi kwalba ya bar ni ina 'yar sha biyu.
Ko kabarinsa na daina zuwa.

Yanzu ga farantan gilashi biyu a gabana.
Ban ce ɓera mutum ne ba,
Eilertsen zai ja mini kunne in na faɗa;
arba'in da takwas ba su isa yanke hukunci ba,
kwalbar ma ba ta wanku ba.
Amma baƙin ɓeran nan, me ya yi?
Abin da na ba shi ya ci.

Na rubuta nauyi: giram ɗaya da ɗigo tara.
Na manna lamba, na sa a firji, na wanke almakashi.
Sannan na dafa gefen cikina na dama,
ƙasan haƙarƙari, inda take aikinta shiru.
Ban san irin ta wa na ɗauko ba.

Jirgin Senja na tashi ran Juma'a da la'asar.
Zan sayi kyandir mai murfi, wanda iska ba ta kashewa,
in roƙi Torleif ya raka ni ya nuna mini wurin,
don dusar ƙanƙara ta rufe sunaye.